Na Gusa Kaɗan

Zuwa ga ƙanena Takama, Illela.

Bayan gaisuwa, ina iyali, ina gero? Ina Dakar lafiya, sai abincinsu da cikina ya ƙi. Wani ɗan Konni ke rubuta mini, kada ɗiyata Hidaya ta gani.

Jiya a jami'a malamanta sun tafa mata. Da jerin lambobi ta koya wa na'ura gusawa kaɗan-kaɗan daga "a'a" zuwa "i". Sai ta gode mini gaban jama'a, ni da na ƙone littattafanta sadda ka kai ta lakwal, makarantar boko. Na kasa ɗaga kai, don kujerar da ta cancance ka na zauna.

Shekara ashirin ban taka gidanka ba. Ban ce ka fi ni gaskiya ba, amma na gusa kaɗan. In na dawo, shimfiɗa tabarma biyu.

Yayanka,
Na'Allah