Ɗan Bunsurun Bramble

Litinin, 16 ga Oktoba

Mun yi cacar baki da Perrin a taron da'irarmu ta mabiya addinin Wika. Wai zai kawo naman da ya yanka da hannunsa Sawin, bikinmu na tunawa da matattu. Na miƙe na ce ƙa'idarmu ita ce kada a cutar da mai rai, ba a yi wa Uwar Ƙasa hadaya da jini. Ko namansa ko ni.

Ya ce, "Haba Morwenna, wa ya ce hadaya? Abinci ne. To ke cukun nan da kike kawo mana, akuya na ba da nono ba haihuwa? Ina 'ya'yan maza suke zuwa?"

Na ji kamar in kwaɗa masa faranti.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ɗan bunsurun da akuyata Bramble ta haifa ya isa. Sai wari, ga shi ya fara hawan uwarsa. Dole ya bar gidan nan. Na yi ta kiran masu riƙon dabbobi, kowa ya ce ba wuri, ba mai son namiji.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Shugabarmu Tamsin ta zo shan shayi. Ta ce in na fita da'irar za ta watse, rabi na bayana. Na ce ta watse mana. Da ta tafi na yi kuka.

Laraba, 25 ga Oktoba

Mai motar kai dabbobi kasuwa ya zo ɗaukar ɗan bunsurun, kamar yadda yake yi kowace kaka. Yau dai na leƙa ciki. Tumaki a cunkushe, ɗaya ta faɗi ana tattaka ta. Na tambayi inda za su, ya ce, "Baiwar Allah, da gaske kina son ki sani?" Ɗan bunsurun ya lafe a ƙafata yana rawar jiki. Na ce wa mai motar ya tafi, na fasa.

To yanzu fa?

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na kira Perrin. Haushin kaina ya ishe ni. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi, da na samu abin zagi.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na ba shi ɗan bunsurun, amma a gonata aka yi yankan, ƙarƙashin bishiyar tuffa. Na gargaɗe shi kada ya kuskura ya taɓa wuƙar ibada mai baƙin ƙota, ba ta san jini ba. Ya ce, "Ke ma dai! Ta aiki na kawo." Ya ce in shiga ɗaki. Na ƙi. Ni na riƙe kwanon hatsi, kan ɗan bunsurun na ciki yana ci. Perrin ya yi masa godiya a hankali. Da ya yanka shi, ɗan bunsurun bai ko yi kuka ba. Ni ce na yi amai bayan shinge.

Laraba, 1 ga Nuwamba

An yi Sawin jiya da yamma. Lokacin kiran sunayen matattu na kira mahaifiyata, sai na ji bakina ya ƙara da ɗan Bramble. Da farantin namansa ya zagayo kaina idon kowa na kaina. Ban ci ba. Na dai miƙa wa Perrin, na yi masa addu'ar da ake yi, cewa kada yunwa ta san ƙofarsa.

Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Na goge lambar mai motar daga wayata.