Na Sauke Kekenka Daga Bango, Hasan

Zuwa ga ɗan'uwana, abokin tagwaitakata, Hasan, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa gare ka da Kawu Sale da iyalinsa da suka riƙe ka, Allah ya saka musu da alheri. Mu nan unguwar Waziriyya a Jidda sai godiya. Mahaifiyarmu Ummi tana nan yadda ka bar ta, ƙafafun sun ƙi, hawan jinin yau ya sauka gobe ya hau.

Na rubuto a nan inda kowa zai gani ne domin saƙonnina sun taru a wayarka. Ina ganin alamar ka buɗe, amsa ce babu. Na san kana leƙa shafin nan, to ka karanta tare da jama'a.

Na sauke kekenka daga bango.

Tun da iƙamarka, takardar izinin zama, ta mutu bayan rasuwar kafilin da ya tsaya maka, aka ɗora ka a jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, keken nan yake rataye a ɗakinka tsirara, ba sarƙa ba giya. Ka kwance shi ne don ka sake haɗa shi kafin tseren da kake so, wanda ake zagaye fili cikin yashi da tsakuwa, a diro a saɓa keke a kafaɗa a tsallake katako. Ba ka samu ka haɗa ba. Ummi ta hana kowa taɓa shi. Ko ƙura zan goge sai ta ce, "Bar shi, mai shi zai zo ya haɗa abinsa."

Kayan da ka cire ka zuba a kwali, iskar teku ta gama da su. Sarƙar ta ƙame kamar sanda, haƙoran giya na tayar baya duk tsatsa.

Ka tafi kafin ka ga na koyi keke. Matan wurin aikinmu ne suka ja ni bakin teku ranar Juma'a da safe, na hau wani tsohon keke mai nauyin jaki. Shi ne kawai lokacin da ba wanda yake kiran sunana. Da aka ce bana an ware wa mata rukuni a tseren nan naka, sai zuciyata ta tafi kan bangon ɗakinka. Tsayinmu ɗaya, ka sani. Na faki idon Ummi tana barci, na kai shi wurin Amm Idrisu, mutumin Cadi da ka fi zama a shagonsa na gyaran keke fiye da gida.

Wallahi ban san zaɓen ƙarfe yana gajiyar da mutum haka ba. In na tashi aiki sai in bi shagunan unguwar Sharafiyya ɗaya bayan ɗaya da ƙafafun da suka wuni a tsaye. Wannan ya ce faifan haƙoran da ke jan sarƙa guda biyu ake sawa a gaba, wancan ya ce ɗaya ake yayi. Wani ya dage sai na ɗauki abin canza giya mai batir, yana ta cewa, "Ya ukhti, 'yar'uwa, dannawa kawai za ki yi, halas, shi kenan." Nan kam ban sha wahala ba. Na'urar awon jinin Ummi na jiran caji, wayata na jira, tata na jira. Ba zan ƙara wa kaina wani mai jira ba. Na ce mai wayar ƙarfe da ake ja nake so, wanda in ya lalace Amm Idrisu zai gyara da filaya.

Sauran ne ya tsaya min a wuya. Na san abin da ka yi niyyar sakawa, don ka ishe mu da zancensa a kan tabarmar cin abinci: faifai biyu a gaba, babban mai haƙori arba'in da shida, na baya ƙanana a matse. Kana dariya kana cewa, "Mai neman giya mai sauƙi hutu ya zo yi." Ƙafafunka kenan. Nawa kuwa, su ke ɗaga Ummi daga gado zuwa bayi, gwiwar hagu tana ƙara in na hau bene. Abin da zai yi min shi ne faifai ɗaya ƙarami a gaba, talatin da takwas, da manyan haƙora a baya da za su fid da ni daga yashi, da abin canza giya mai riƙe sarƙa tamau don kada ta zame a gargada.

Na roƙi Amm Idrisu ya zaɓa min in huta. Ya ci gaba da goge hannunsa, ya ce, "Binti, 'yata, ƙarfe ba wuya. Ƙafar wa za ta taka, shi za ki gaya min."

Na kasa. In na sayi irin naka, ba zan iya tuƙawa ba. In na sayi irin nawa, na yarda kenan ba kai za ka hau ba. Haka na yi ta zuwa ina komawa hannu wofi, har masu shagunan suka daina tashi in na shigo.

Ummi ta ga bango wayam tun ranar farko, ta kawar da kai. Sai wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta kalli baƙin mai da ya maƙale min a farce. Ta ce, "Husaina, ki saya daidai ƙafarki." Ta juya fuska bango. Na ci gaba da shafawa. Tun tafiyarka ban ji ta faɗi abin da ya kai wannan nauyi ba.

Na sayi nawa, Hasan.

An yi tseren a wani fili gabas da gari. Tun da hantsi rana ta buɗe. Na faɗi a cikin yashi, bakina ya cika da ƙasa, kafaɗata har yau shuɗiya ce saboda saɓa keke. A giya mafi sauƙi na yi rabin tseren, kuma ban ji na zo hutu ba. Sarƙa dai ba ta zame ba. Ina cikin na ƙarshe-ƙarshe, amma na kai.

Matar Amm Idrisu ce ta kawo Ummi a mota, suka zauna a inuwar rumfa. A zagayen ƙarshe, numfashina na neman ɗaukewa, na zo wucewa ta gabansu da hular kwano a kaina, a kan jan kekenka. Sai na ji muryarta ta keta ta kowa, muryar da na ɗauka ciwo ya cinye: "Yalla Hasan! Yalla ɗana!"

Mutane suka juya suna neman wane ne. Ban gyara mata ba. Na sunkuyar da kai na taka.

Na gaji, ɗan'uwana. Na san kai ma ka gaji. Kawu ya ce yara na kwaikwayon Hausarka, in ka ce "halas" su kwashe da dariya, shi ya sa ba ka son fita. Ba na neman ka ce min na yi daidai a kan haƙoran keke. Ita dai ka kira, ko sallama ce ka yi ka kashe.

Allah ya sanyaya maka ƙasar da ka tsinci kanka, ya buɗa maka ƙofar abinci a cikinta, ya haɗa ka da mutanen da za ka yi dariya da su. Allah ya ba Ummi lafiya, ya ara mata kwana har ta sake kiran sunan nan, mai shi ya amsa a gabanta. Amin.

Taka har kullum,
Husaina,
Waziriyya, Jidda.