Na Karanta Musu Mutuwarsa, Ga Shi Yana Gadi a Kano

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Kuma don Allah kafin wani ya tsine mini ya daure ya kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina, shawara na zo nema.

Ni mutumin wata 'yar unguwa ce tsakanin Gwiwa da Roni. Kakanmu Bukar ne ya sari wurin. Daga gabas ya taso, wajen Barno, da matarsa da jaki ɗaya da gatari, ya tarar da daji da duwatsu, ya sare, ya ƙone, ya haƙa rijiya, ya shuka gero. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma ai ya isa abin alfahari. Amma ina! Su baffannina bai ishe su ba. In ka zauna a zauren Baffa Mai Unguwa, wanda shi ne babban gidan tun rasuwar mahaifina, za ka ji kakan nan ya kashe zaki da sungumi, ya kori aljanun dutse, ya nome gonar mutum goma kafin azahar. Kowace shekara zakin ƙara girma yake yi. Masu ba da labarin kuwa babu wanda ya ƙara ko taku ɗaya a kan abin da tsohon ya bari. Abin da suka iya shi ne zama a kan buzu, da rabon gado, da bugun ƙirji suna cewa mu jinin Bukar ne.

Mutum ɗaya na cire a cikinsu, Yaya Modu, ɗan ƙanin mahaifina. Mahaifiyarsa Inna Yagana ita ta goya ni bayan uwata ta rasu, don haka a ɗaki ɗaya muka tashi. Shi manomi ne na gaske, in ya kama garma sai dai ka matsa ka ba shi wuri. Ni kuwa da aka zo neman yaran da za a kai boko, Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce a ɗauki wannan, gona ba za ta yi kewarsa ba. Na je na dawo malamin firamare, suka laƙaba mini Malam Mai Alli, in na zo zaure a bakin ƙofa nake zama wajen takalma. Ba na neman uzuri da wannan, ina faɗa ne don ku san da wace irin zuciya nake zaune a wurin.

Da yaƙin basasa ya tashi, Yaya Modu ya riga ya gaji. Shi kaɗai yake ɗauke da gandu, a cire gyaɗa Baffa ya sayi rediyo da keke, shi ko riga ba a yi masa ba. Wata ranar kasuwa ya bi motar masu ɗaukar soja, ya bar Inna da matarsa Hajara. Bai iya rubutu ba, wani abokin aikinsa ke rubuta masa wasiƙa da boko, ni kuma in ɗauko daga gidan waya a Kazaure. Da ajami ne da liman ya karanta, da ban shiga wannan masifa ba. Amma boko ne, kuma duk unguwar ni kaɗai nake ganin abin da ke takarda.

Wasiƙar farko har yanzu na haddace ta. Cewa ya yi yana gaida Inna, an yi ruwan shuka kuwa, a gaya wa Baffa kada a maimaita gyaɗa a gonar tudu don ta gaji, a sa mata wake. Ya ce shi an ga ya iya haƙa, an ba shi shebur, aikinsa haƙa ramukan ɓuya da kaburbura, kuma kullum cikin tsoro yake. Ina cikin bin ta da ido sai Baffa ya gyara zama ya ce, "To Malam Mai Alli, jikan Bukar mutum nawa ya kayar?" Wallahi ba'a na yi niyya. Na ɗaga kai na ce, "Bakwai, Baffa." Na zaci za su gane gatse ne a yi dariya. Sai na ji zaure ya ɗauki kabbara. Baffa ya ce ai jini ba ya ƙarya, wani baffan ya ce dama tun yana yaro ya ga alama. Na dube su, dattawa da furfura, na ji wani irin raini ya cika mini ciki. Ashe haka kuke da arha?

Daga nan na mayar da abin wasa. Ya rubuto yana tambayar ko an kai taki gonar fadama, in karanta musu ya ƙwace gadar wani kogi daga hannun abokan gaba shi kaɗai. Ya rubuto ƙafarsa ta ruɓe saboda ruwan rami, in ce an yi masa kofur. Ina ƙara gishiri ina kallon bakunansu a buɗe, ina jira wani ya ce kai, wannan ta yi yawa, babu wanda ya taɓa cewa. Har mutanen maƙwabta da Fulanin ruga suka riƙa zuwa jin wasiƙar Modu. Ni da nake zama wajen takalma aka shimfiɗa mini tabarma kusa da Baffa, aka daina Mai Alli sai Malam kawai, ana aiko mini da zabi. Kuma kada in yi muku ƙarya, na ji daɗi. Ina raina su, ina kuma lasar girman da suke ba ni. Akwai ƙasƙanci da ya wuce wannan? Inna ce kaɗai ba ruwanta da gada. In an watse sai ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ya ce yana samun abinci?" In ce yana samu, Inna. Ta ce to alhamdu lillahi.

Wasiƙar ƙarshe ta zo daf da ƙarewar yaƙi, daga wani asibiti a Kaduna. Ranar zauren ya cika har waje, don a lokacin na riga na kai shi saja, Baffa har ya sa maroƙi ya tsara masa kirari. Na buɗe na bi da ido. An yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu, an sallame shi. Ya ce, "Manomi ba hannu me zai yi a gidan Bukar? Ka karanta wa su Inna da Baffa. In suna so in dawo a haka, ka rubuto in zo. In ban ji amsa ba na gane, ba zan dame ku ba." Me ya fara zuwa raina? Ba hannunsa ba. Abin da ya zo mini shi ne ranar da zai sauka a zauren nan, Baffa ya ce ba mu labarin gada, shi kuma ya ce wace gada? Baffa ya ce, "Malam, muna sauraro." Na naɗe takardar na ce, "Wannan ba daga gare shi take ba, daga manyansa ce. Allah ya yi wa Yaya Modu rasuwa, yana gaba-gaba, bai juya baya ba." Bakina ko rawa bai yi ba.

Ku zo ku ga jinin Bukar bayan nan. Ranar sadakar uku Baffa ya ja ni gefe yana tambaya ko gwamnati za ta aiko da bargon mamacin da takalmansa. Kafin arba'in sun auna gonarsa ta fadama da igiya sun raba, har da 'yar hayaniya a kan bishiyar ɗorawa. Hajara ta yi takaba, ta auri wani a wajen Babura, yanzu 'ya'yanta huɗu. Inna ba ta yi kururuwa ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, "Wa ya yi masa wanka?" Nan take na ƙirƙiro mata wani limamin soja mutumin kirki. Ta sa mini albarka. Amsa kuwa ban rubuta ba, takardar na cusa a murhu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kuɗin fetur ya zo, na bar alli na koma wata ma'aikata a Kano, na yi tumbi, na yi mota, na shiga sahun masu babbar riga da ba su san abin da suka tsinana ba. In na je gida yanzu Baffa da kansa yake tasowa ya buɗe mini ƙofar mota. A zaure kuma Modu ya kamo kakansa, gadar da na ƙirƙira ta zama uku, har akwai baffan da yake rantsuwa ya ji sunansa a rediyo. Gonar da suka raba rabinta ya koma saura, ba mai nomawa, don 'ya'yansu duk sun gudu birni leburanci.

Wata biyu da suka wuce na je wani fili da ake sayar da kayan gini, don ina gina gida. Mai gadi ya ɗaga mini ƙarfen ƙofa da hannun hagu, hannun rigarsa na dama a ɗaure. Ko fuskarsa ban kalla ba, irinmu ba ma kallon masu gadi. Sai na ji an ce, "Ɗan Inna?" Babu mai kira na haka a duniya sai mutum ɗaya. Ya tsufa, ya rame, amma shi ne. Na zaci zai shaƙe ni. Rungume ni ya yi da hannu ɗaya yana cewa kai, ƙanena ya zama babban mutum. Ya ja ni bayan 'yar rumfarsa ya nuna mini wani ɗan tsirin ƙasa jikin katanga da ya shuka kuɓewa da masara, da wata guntuwar fartanya da yake ɗaurawa a dungun hannunsa da tsumma. Tsirin nan ya fi duk gonakin su Baffa gyara.

Da muka zauna ya ce, "Ka karanta musu?" Na ce na karanta, Yaya. Ya ce, "Me Inna ta ce?" Ga dama Allah ya ba ni, ga shi ga ni, babu zaure babu maroƙi. Kun san abin da na ce? Na ce, "Shiru ta yi." Ya gyaɗa kai ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ni na tafi ban yi mata sallama ba." Ya tambayi Hajara, na ce ta yi aure, ya ce ai ta yi haƙuri ma, tun da alƙali ya raba shi ke nan. Bai san babu alƙalin da ya raba ba, takaba ta yi wa mai rai. Shekara goma sha ɗaya yana Kano, tafiyar rabin yini zuwa gida, in ya hango mutumin wajenmu a tasha sai ya kauce, wai kada ya kunyata gidan Bukar. Gidan da ba su kai darajar tsumman fartanyarsa ba!

Tun ranar nake kai masa shinkafa da yadi kamar wannan zai wanke wani abu. In na faɗi gaskiya, auren Hajara fa, da 'ya'yanta huɗu? Su Baffa ba na jin su, kunyar ma ba su da ita, za su juye laifin duka a kaina su manta da igiyar awo, kuma a wannan karon suna da gaskiya. Inna ce damuwata. Ta tsufa ƙwarai, ba ta fita ko tsakar gida sai an riƙe ta. Wane baki zan buɗe in ce mata yaron da kika goya shi ya binne miki ɗa da rai don a ci gaba da shimfiɗa masa tabarma? In kuma na yi shiru ta mutu ba ta gan shi ba, me zan ce wa Allah?

Shekaranjiya na koma wurinsa, na tarar ya wanke rigarsa ya shanya. Ya ce ya yanke shawara, ganina ya tayar masa da gida. Ranar kasuwar Gwiwa ta sama zai shiga mota ya je ya durƙusa gaban Inna. "In ta kore ni da bakinta na huta," in ji shi, "in ta yafe, ko kaji na riƙa yi mata kiwo." Na fara kame-kame, hanya ba kyau, a bari sai bayan kaka, ya ce a'a, ya jira ya isa. Sannan ya kama hannuna ya ce alfarma ɗaya yake nema. In riga shi zuwa da kwana ɗaya, in zauna da Inna in roƙar masa gafara. "Kai ka iya magana," ya ce, "kuma duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mata ƙarya ba."

Na ce masa to. Saura kwana shida. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?