Tankin Kwalekwalen Baba

Tsibirin Kalpeni, 3 ga Oktoba

Yaya Muthukoya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aikin tashar jiragen ruwa? Umma na gaishe ka, ga busasshen kifi nan ta ba da a kawo maka.

Albishirinka! Na sa wa kwalekwalen Baba tankin ruwan sha. Na kwantar da shi ƙarƙashin katako, na ja tiyo zuwa ƙaramin famfo na ƙafa kusa da inda yake zama riƙe da igiyar ƙyallen iska. Ya huta da ɗaga tulu da kafaɗar nan tasa mai ciwo. Ranar Juma'a sai da ya kwaso mutanen masallaci kaf suka zo kallo, yana ta cewa, "Ku ga aikin Ubaid!"

Abu ɗaya ne: in aka taka sau biyar ko shida sai ruwan ya ɗauke. Na toshe ko'ina gam don kada ruwan gishiri ya shiga. Ko sabunta ce?

Ƙaninka,
Ubaid

Kochi, 11 ga Oktoba

Ubaid,

Wa'alaikumus salam. Kifi ya iso, a yi wa Umma godiya.

To, madalla da injiniya! Shekara goma sha huɗu ina ɗaura famfo a cikin manyan jiragen ruwa, ko sau ɗaya Baba bai taɓa tara mini mutanen masallaci ba. Tulun da kake rainawa, ni na yi ta cika shi da ruwan sama tun kana tsumman goyo, ban ji an ce a zo a ga aikin Muthukoya ba. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci mini rai.

Zancen famfo kuwa, tunda ba a tambaye ni kafin a fara ba, me zan ce? Wanda ya iya ɗaurawa ai ya iya gyarawa.

A gaida Baba.

Yayanka,
Muthukoya

Kochi, 19 ga Oktoba

Ubaid,

Sallama a gurguje. Yanzu wani ɗan garinmu da ya sauko daga jirgi yake gaya mini Baba ya fitar da tulu daga kwalekwale, wai Umma ta dasa barkono a ciki. Kai, kuna da hankali kuwa? Kada ka bar shi ya fita teku!

Tankin ba shi da hanyar shan iska, shi ya sa ruwan yake ɗaukewa. Ka huda samansa, ka sa siririn tiyo, ka ɗaga shi sama, ka lanƙwasa bakin ya kalli ƙasa. Kafin nan, ko murfin aka sassauta ruwa zai zo. Tun ranar da na karanta takardarka na sani, baƙin ciki ne ya hana ni faɗa. Allah ya yafe mini.

Ka ba ni amsa a jirgin farko.

Muthukoya

Kalpeni, 26 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso ranar Talata. Baba ya fita tun ranar Asabar.

Iska ta mutu masa a tsakiyar teku. Kwana biyu yana zaune a kan tanki cike da ruwa, yana taka famfo, ko ɗigo babu. Masu kamun kifi na tsibirin Androth ne suka jawo shi, leɓensa duk ya tsage. Yana samun sauƙi, ya fara shan ruwan kwakwa. A masallaci ya ce laifinsa ne, wai shi ne bai iya takawa ba.

Ban nuna masa takardarka ba, kuma ba zan nuna ba. Ni ma ina da nawa laifin. Ranar da na sayo tankin, cewa ya yi, "Ajiye shi sai Muthu ya zo, babu wanda ya san ruwa kamarsa." Abin ya ƙona ni, shi ya sa na ɗaura a daren nan, na kuma ƙi gaya maka.

Ban huda tankin ba. Ya ce kada kowa ya taɓa, kai yake jira.

Ƙaninka,
Ubaid