Rasuwar Injiniya Dikko, Mai Farar Tsakuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Manoman Rani Masu Injin Ban Ruwa ta Talata Mafara, Bakura da Maradun ta samu labarin rasuwar ubanta kuma mashawarcinta, Injiniya Alhaji Dikko Balarabe Maradun, Garkuwan Manoman Fadama, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa a matatar mai, a sashen da ake aiki da alumina, wata farar tsakuwa mai kama da ƙwayar dawa da ake cirowa daga wata jar ƙasa mai suna boksait. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar tsadar fetur tana kashe injinanmu, albasa tana bushewa a bakin madatsar ruwa ta Bakolori. Mu muna kallon ledojin da iska ta rataya a kan ƙaya muna tsaki, shi kuwa sai ya tsaya yana yi musu murmushi, har wasunmu suka fara raɗa cewa boko ya taɓa Injiniya. Ashe mai yake hangowa. Ya haɗa tukunyar ƙarfe a bayan gidansa, yana dafa leda, tururin ya ratsa ta cikin tsakuwar, ya ɗigo ta ƙarshen bututu ya zama man da ke tada inji.

In an tambaye shi aikin tsakuwar, yakan ce: "Wagga ai mai dalilin aure ta. Ta shiga tsakani, a ɗaura, ta koma gida yadda ta taho." In ta yi baƙi da hayaƙi kuwa, ba ya zubarwa, gasa ta yake yi a wuta har farinta ya dawo. Mafarkinsa shi ne wata rana a hau madatsar ruwa da hantsi, a ga kore har inda ido ya ƙare, babu leda ko ɗaya a kan itace, injina suna amsa wa juna daga Bakura har Maradun.

Ba za mu ɓoye ba, da ya rasu mun ji tsoro, domin an riga an dasa albasar bana, tsakuwar kuma ya bar ta baƙa ƙirin a cikin tukunya. Bayan sadakar uku, 'yarsa, Malama Taiba, wadda ta koyi aikin a hannunsa, ta hura wutar da kanta, tsakuwar ta yi fari fat. Jiya mai ya ɗigo.

A madadin shugabanni da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Marka, da 'ya'yansa da jikokinsa da al'ummar Maradun baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Mun daɗe muna tsokanarsa da sunan Mai Dalili, har muka ɗauka shi ma irin tsakuwarsa ne, ba ya ƙarewa. Ita ga ta nan yadda ta zo. Shi ne ya koma gida.

Sa hannu:
Malam Zaharadeen Sadi Garbadu
Kakakin Ƙungiya, Talata Mafara