Sandunan Zinariyar da Ka Bari a Sakkwato

Zuwa ga Yaya Bashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen Kamarawa.

Tun da anka yanke sabis ɗin waya ban ji muryarka ba. Shi ya sa na rubuta a nan cikin jarida, ko wani mai zuwa kasuwar Isa ya karanta ya kai maka labari.

Aikin binciken da ka bari a makaranta ya yi.

Ka san inda munka tsaya. Sandunan nan na zinariya da ido ba ya gani sai da na'ura, mun iya lulluɓe su da siririn ɓawo mai kama da gilashi. Abin da ya gagare mu shi ne zaizaye ɓawon a kawunansu biyu kaɗai, don ƙwayoyin da ke kama gubar dalma su manne a nan, gefe ya zauna a rufe. Kullum sinadarin sai ya cinye ɓawon duka. Kakan ɗaga kwalbar wajen taga ka ce, "An sake yi musu tsirara." Ka zubar, in wanke, mu koma farko.

Da Baba ya rasu ka ce za ka komo bayan addu'ar bakwai. Inna ta ce ba ta barin ɗakinta ko 'yan bindiga za su shigo har tsakar gida. Ga dawa ta kusa nuna. Ka zauna. Ni anka ce in koma makaranta, na koma.

Na rage ƙarfin sinadarin, na sanyaya ruwan, na riƙa tsayar da shi da wuri. Ɓawon ya fi rauni a kawuna, can ya fara hujewa. Makon jiya hoton na'ura ya fito: kawuna a buɗe, gefe lafiya lau. Da na ɗiga ruwa mai dalma, sandunan sunka jeru kai da kai, launin kwalbar ya canza. Wata rana mai rijiya na iya gwada ruwansa da wannan kafin yara su sha. Da saura dai.

Malaminmu ya ce madalla. Na juya in nuna maka, na iske wani sabon ɗalibi a kujerarka yana cin gyaɗa. Shi na nuna wa.

Wani direban bas ya ce ya gan ka a Isa, ka rame, ka tambaye shi ko ina cin abinci. Ya ce ba ka tambayi aikin ba. Ina ci, Yaya. In hanya ta yi kyau za ni zo, kuma ba sai mun yi zancen sanduna ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya tsare ku a gida da gona, Ya nuna mini fuskarka da ta Inna lafiya.

Ƙanwarka,
Saudatu