Kafin a Yi wa Kwikwiyo Allurar Mutuwa, a Duba Bakinsa

Zuwa ga Shugaban asibitin dabbobi da ke hanyar PK8,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Lalala, nan Libreville. Bayan rasuwar maigidana na ajiye kwikwiyo don gadin gida. 'Yata Ramatu ta sa masa suna Hadari, don ranar da aka kawo shi sama ta yi baƙi ta wajen teku.

Abu uku zan faɗa maka a kansa. Na farko, laifina. An tarbiyyantar da mu kan nisantar yawun kare, da dogon ludayi muke zuba masa abinci. Shi ya sa har ya kai wata biyar ban lura muƙamuƙinsa na kumbura ba. Sai dai in gan shi kwance a gindin mangwaro, ido rabi a rufe, yana kallon kwanonsa kamar abin da ke can tsallaken ruwa.

Na biyu, laifinku. Ranar Talatar farko ta watan jiya muka kawo shi. Ma'aikacinka ya dubi hijabina, ya ga na tsaya nesa da tebur, sai ya ce da Faransanci ai irinmu ba mu damu da kare ba, a yi masa allurar mutuwa kowa ya huta. Bai taɓa bakinsa ba, bai auna zazzaɓinsa ba. Ramatu ta fi ni jin Faransanci. Na shekara goma sha shida ina koya mata cewa mai ilimi ba ya yanke hukunci sai ya bincika, ya rushe mini wannan a tsaye.

Na uku, da na ƙi yarda a yi masa allurar, wata likita ta ɗauki hoton ƙashinsa. Da ta ɗaga shi ga hasken taga, na ga ƙashi ya tsiro bisa ƙashi, fari, tamkar gajimare ya sauka cikin kansa. Ta ce cuta ce da ba a cika gani ba, kuma takan lafa idan kare ya kusa shekara. Yanzu watansa bakwai. Ina sa safar hannu in ba shi kunu da cokali, in wanke hannu in yi alwala. Ko zai kai shekarar, Allah ne masani.

Roƙona biyu ne, Yallaɓai. Kada a sake yanke wa dabba hukuncin mutuwa a asibitinka ba a duba ta ba. Sannan ma'aikacin nan ya nemi afuwar Ramatu, ni na yafe nawa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare hannunka daga ɗaukar rai a banza.

Wassalam.

Maman Ramatu, Lalala, Libreville